Sashe na 144 da gudumar likita: Wa ke da ikon cewa mai mulki ya gaza?

A ranar Lahadi, 25 ga Agusta, 2013, Gwamnan Jihar Taraba na wancan lokaci, Danbaba Suntai, ya dawo Najeriya bayan ya shafe wata goma yana jinya a Jamus da Amurka. Abin da ya kai shi can shi ne raunin da ya samu a ka, lokacin da ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa da kansa ya faɗi kusa da Yola a ranar 25 ga Oktoba, 2012. Jama'a sun ga hotunan yadda aka tallafe shi ana sauko da shi daga jirgi, kuma kafin gari ya waye ƙasar ta dāre biyu. Wasu suka ce ya warware, gajiyar tafiya ce kawai. Wasu suka rantse cewa bai ma san inda yake ba. Kowane ɓangare da hujjarsa, kuma hujjar ba ta wuce hoto da ɗan guntun bidiyo ba.

Shekaru fiye da goma bayan nan, salon muhawarar bai sauya ba. Da zarar an doshi zaɓe, kamar yadda ake dosar na 2027 a yanzu, sai maganar lafiyar 'yan takara ta dawo. A yanko inda wani ya yi tuntuɓe a kan matakala, ko inda harshensa ya sarƙe a gaban lasifika, a watsa a Facebook da WhatsApp, kowa ya zama likita. Magoya baya su mayar da martani da bidiyon gwaninsu yana motsa jiki. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: ta yaya likitoci na gaskiya ke gane lafiyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyin mutum, me gwajinsu ke iya tabbatarwa, kuma me doka ta tanada game da wanda zai sa a yi shi? Amsar ta shafi masu mulki, ta shafi hadiman da ke kewaye da su, ta kuma shafi ma'aikacin da ke zaune a teburinsa a Sakatariyar Tarayya da hawan jinin da bai san yana da shi ba.

Abin da likita ke dubawa

Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa abubuwa daban-daban: akwai jijiyar jini, akwai wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, akwai kuma jijiyar saƙo, wato wadda ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa ta bi ta laka zuwa gaɓoɓi, ta kuma mayar da labarin zafi, sanyi ko taɓawa. Gwajin da ake magana a kai na wannan ta ukun ne, da cibiyarta, ƙwaƙwalwa. Kayan aikinsa ba su cika aljihun riga ba: 'yar tocila, 'yar gudumar roba, auduga, tsinke, da wani ƙarfe mai baki biyu da ke rawa idan an buga shi. A hannun gwani, cikakken gwaji ba ya cin sa'a guda.

Farkonsa hira ce. Likita zai so ya ji yaushe abin ya fara, kwatsam ya zo ko a hankali, yana ƙaruwa ko yana zuwa yana tafiya. Larurar da ta afka cikin mintoci ta fi nuna toshewa ko fashewar jijiyar jini. Wadda ta ɗauki watanni tana rarrafe tana iya zama ƙari ko lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Sau da yawa wanda ke tare da mara lafiya ya fi shi amfani a nan, domin mai farfaɗiya ba ya ganin faɗuwarsa, mai cutar mantuwa kuma ba ya tuna abin da ya manta.

Daga nan sai a auna hankali: shin ya san rana da wuri, yana riƙe abin da aka faɗa masa, yana fahimtar umarni, yana samun sunayen abubuwa? Sai jijiyoyin ka guda 12 a kowane ɓari, waɗanda ke kula da gani, ji, shaƙa, motsin ido, motsin fuska, haɗiya da harshe. A nan ƙaramar alama kan raba manyan cututtuka. Idan baki ya karkace amma mutum yana iya tattare goshinsa a ɓangarorin biyu, likita zai fi zargin matsala a cikin ƙwaƙwalwa, irin ta shanyewar ɓarin jiki. Idan kuwa rabin fuskar gaba ɗaya ya saki, har goshi da fatar ido, to an fi kyautata zaton jijiyar fuskar ce ta kumbura a waje, larurar da galibi kan warware.

Sai ƙarfin gaɓoɓi, wanda ake ba maki daga sifili zuwa biyar: sifili babu motsi ko kaɗan, uku mutum na iya ɗaga hannu amma ba ya iya jure turawa, biyar cikakken ƙarfi. Sai gudumar roba a kan gwiwa, gwajin da likitocin Jamus biyu, Erb da Westphal, suka bayyana a 1875. Zaburar ƙafa fiye da kima na nuna matsala a sama, a ƙwaƙwalwa ko laka. Rashin zabura kuma na nuna jijiyoyin ƙafar ne suka lalace, kamar yadda ake gani ga masu ciwon sukari da ya daɗe. A 1896 Joseph Babinski ya nuna a Faris cewa idan aka karci tafin ƙafar baligi, babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe ƙasa, to hanyar saƙo daga ƙwaƙwalwa ta samu rauni. Ƙarshe sai a sa mutum ya taɓa hancinsa da yatsa, ya tsaya ƙafafu a haɗe ido a rufe, sannan ya yi tafiya. Gajeren taku da jan ƙafa, da hannun da ba ya lilo, da rawar yatsu lokacin hutu, su ne ginshiƙin gane ciwon Fakinsin, wanda har yau ido da hannun likita ne ke tabbatar da shi.

Manufar duk wannan ita ce amsa tambayoyi biyu a jere: ina matsalar take, sannan mece ce? Da yake ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a wurin mafi yawan mutane can cibiyar harshe take, mutumin da hannunsa na dama ya saki kuma magana ta ɓace masa ya riga ya nuna wa likita inda zai duba tun kafin a kai shi ɗakin hoto. Na'urorin CT da MRI suna zuwa ne daga baya don tabbatarwa. Hoto yana nuna tabo, amma ba ya faɗin ko mai tabon zai iya karanta takardar majalisa ya gane abin da ke ciki.

Iyakar gwajin

Nan ne masu yanke hukunci daga bidiyo ke kuskure ta fuska biyu. Na farko, raunin jiki ba ya nufin raunin tunani. Franklin Roosevelt ya rasa ƙarfin ƙafafunsa tun 1921, amma ya ci zaɓen shugabancin Amurka sau huɗu. Mutum na iya samun karkacewar baki ko nauyin harshe alhali lissafinsa garau yake. Na biyu, kuma shi ya fi haɗari, mutum na iya tafiya da kansa, ya gaisa, ya yi murmushi, ya karanta rubutaccen jawabi, amma raunin da ke gaban ƙwaƙwalwarsa ya hana shi tsara al'amari, auna sakamako, ko ƙin abin da aka tura masa ya sa wa hannu. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wannan fage fuska kan yi ƙarya.

Gajerun gwaje-gwajen hankali da 'yan siyasa ke tutiya da su ma suna da iyaka. Wanda ya fi shahara, gwajin Montiriyal, wanda likitan Kanada Ziad Nasreddine ya tsara, yana ɗaukar kimanin minti goma, makinsa 30, kuma ana ɗaukar 26 zuwa sama a matsayin daidai. A cikinsa akwai zana agogo, faɗin sunan zaki, karkanda da raƙumi, rage bakwai-bakwai daga ɗari, da tuna kalmomi biyar. A Janairun 2018 likitan fadar White House ya sanar cewa Donald Trump ya samu 30 cif. Sai dai an ƙirƙiri gwajin ne don tace masu alamun mantuwa, ba ya auna basira ko hikimar mulki. Ƙarancin maki kuma na iya fitowa daga rashin barci, zazzaɓi, magani, damuwa, ko harshen da aka yi tambayoyin da shi. Masu binciken da suka fara aikin haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indiyanafolis a 1992, ciki har da marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, sai da suka yi amfani da gwajin da ya dace da tsofaffin Yarabawan da ba su yi boko ba, suka kuma haɗa da tambayar iyali. Darasin na nan: idan ana son sanin ko mutum zai iya riƙe babban ofis, sai an haɗa gwajin jiki, da gwajin tunani mai zurfi na sa'o'i, da shaidar waɗanda suka san shi a da, sannan a maimaita bayan wani lokaci, domin ƙwaƙwalwar da ta ji rauni kan farfaɗo a watannin farko.

Ƙofar da doka ta gina, da wanda ta ba mabuɗi

Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai nemi ɗan takara ya gabatar da shaidar lafiya ba. Sashe na 131 ya tsaya kan zama ɗan ƙasa ta haihuwa, shekaru, jam'iyya da matakin karatu. Sashe na 137 ya hana wanda doka ta riga ta ayyana a matsayin mai taɓin hankali. Inda likita ya shigo shi ne Sashe na 144, da takwaransa na gwamnoni, Sashe na 189.

Matakan sashen a bayyane suke. Da farko kashi biyu cikin uku na dukkan mambobin Majalisar Zartarwa ta Tarayya za su zartar da ƙudurin cewa Shugaban Ƙasa ko Mataimakinsa ba zai iya gudanar da aikinsa ba. Sai Shugaban Majalisar Dattawa ya naɗa kwamitin likitoci biyar da ke Najeriya: ɗaya likitan mai muƙamin, sauran huɗun kuma waɗanda suka yi fice a fannin da ya shafi gwajin. Idan kwamitin ya tabbatar cewa akwai larurar jiki ko ta hankali da ta hana shi aiki har abada, sai Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai su sa hannu a sanarwa, a buga ta a Gazet, kuma daga ranar ya sauka.

Tun 1999 ba a taɓa bin wannan hanya a matakin tarayya ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ministocin da za su fara magana shi ya naɗa su, yana kuma iya sallamarsu kafin su kammala ƙirga kawunansu. Likitoci ba su da damar shiga sai 'yan siyasa sun buɗe musu ƙofa. Sannan sharaɗin gazawa ta har abada ya bar babban giɓi, domin likitan ƙwarai ba ya gaggawar yanke irin wannan hukunci a watannin farko na jinya, ga shi kuma a waɗannan watannin ne mulki ke tsayawa cik.

An ga haka a zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ya tafi Jidda a ranar 23 ga Nuwamba, 2009, bisa larurar da aka bayyana a matsayin kumburin fatar da ke lulluɓe da zuciya, ba tare da ya aika wa Majalisar Dokoki wasiƙar miƙa mulki ba. A Janairun 2010 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba Majalisar Zartarwa kwana 14 ta yanke shawara kan lafiyarsa. Majalisar ta amsa cewa yana iya aiki, ba tare da wani kwamitin likitoci mai zaman kansa ya gan shi ba. Ministar Yaɗa Labarai, Dora Akunyili, ta fito ta saɓa wa takwarorinta a farkon Fabrairu. A ranar 9 ga Fabrairu Majalisar Dokoki ta jingina da hujjar larura, ta ɗauki hirar da Shugaban ya yi da BBC ta wayar tarho a madadin wasiƙa, ta mayar da Goodluck Jonathan muƙaddashi. Shugaban ya rasu a ranar 5 ga Mayu, 2010. Gyaran da ya biyo baya ya taɓa Sashe na 145 ne, inda aka ba Majalisa ikon ɗora Mataimaki idan kwana 21 suka wuce babu wasiƙa. Sashe na 144 an bar shi yadda yake. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya bi Sashe na 145, ya miƙa wa Yemi Osinbajo ragama a tafiye-tafiyensa na jinya zuwa Landan, abin da ya nuna cewa hanyar tana aiki idan mai muƙamin yana cikin hayyacinsa kuma ya yarda. Matsalar tana wurin wanda larurarsa ta taɓa ainihin gaɓar da zai yanke shawarar da ita.

Taraba ta nuna wannan ƙarara. Bayan dawowar Suntai, wasiƙar komawa aiki ta isa Majalisar Dokokin jihar, aka kuma sanar da rushe majalisar kwamishinoni da sunansa. Mafi yawan 'yan majalisar, bayan sun gana da shi, suka ce bai warke ba, Garba Umar ya ci gaba da riƙo. Sai a 2014 aka ɗauko Sashe na 189 aka kafa kwamitin likitoci, shi ma ya maƙale a kotu. Wa'adin ya ƙare a Mayun 2015 jihar tana hannun muƙaddashi. Tambayar da gwaji na 'yan kwanaki zai iya haskakawa ta cinye wa jiha fiye da rabin wa'adin mulki.

Darasi ga masu tsaron ƙofa

Ba Najeriya kaɗai ke da wannan tarihi ba. A Oktoban 1919 ɓarin jikin Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya shanye, matarsa Edith da likitansa suka killace shi, su ke zaɓar takardar da za ta isa gare shi har ƙarshen wa'adinsa a 1921. Sai a 1967 Amurka ta yi gyara na 25 ga kundinta don magance irin haka, kuma shi ma ya dogara ne ga Mataimaki da ministoci. A 2024 likitan Joe Biden ya rubuta a watan Fabrairu cewa cikakken gwajin jijiyoyi bai nuna alamar shanyewar jiki ko ciwon Fakinsin ba, amma ba a yi masa gwajin hankali ba. Muhawarar 27 ga Yuni ta rusa amincewar jam'iyyarsa, ya janye daga takara a ranar 21 ga Yuli, kuma tun daga lokacin hadimansa ke amsa tambayar abin da suka gani da lokacin da suka gan shi.

A Aljeriya, Abdul'aziz Butafliƙa ya samu shanyewar jiki a Afrilun 2013, ya sake cin zaɓe a 2014 yana kan keken marasa lafiya. Yunƙurin neman wa'adi na biyar ya fito da jama'a kan tituna, ya yi murabus a ranar 2 ga Afrilu, 2019, kuma wata guda bayan haka aka kama ƙaninsa Sa'id, wanda ake zargi da juya mulki a bayan labule. A Gabon, Ali Bongo ya kamu da irin wannan larura a Riyad a Oktoban 2018. Jawabin sabuwar shekara da aka naɗa don kwantar da hankali ya ƙara tayar da shi, wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki a ranar 7 ga Janairu, 2019, 'yan adawa suka nemi kotu ta sa a gwada shi ba su yi nasara ba, daga ƙarshe sojoji suka kifar da shi a ranar 30 ga Agusta, 2023.

Abin da ya haɗa waɗannan labarai shi ne matsayin na kusa. Mai tsara jadawali, sakataren sirri, dogari da direba su ke fara lura cewa maigida ya maimaita tambaya sau uku a zama guda, ko sa hannunsa ya sauya, ko ya daina gane fayil ɗin da a da yake haddacewa. Biyayya da tsoron rasa abinci kan sa a rage masa baƙi, a gajarta masa taro, a rubuta masa komai. Hadimin da ya yi haka yana cutar da maigidan nasa, domin wasu daga cikin abubuwan da ke kawo irin wannan sauyi suna da magani idan an gano su da wuri: taruwar jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, ƙarancin sinadarin B12, matsalar maƙoƙo, illar magunguna, ko ƙananan toshewar jijiyoyin jini da ke gargaɗin babba na tafe. Yana kuma jefa kansa cikin haɗari, domin duk takardar da ta fita a wannan yanayi wata rana za a tambayi wanda ya kai ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A tilasta gwaji?

Masu neman a wajabta wa 'yan takara gwaji suna da misali a maƙwabta. Kundin Jamhuriyar Benin ya tanadi cewa likitoci uku da Kotun Tsarin Mulki ta naɗa su tabbatar da lafiyar jiki da hankalin mai neman shugabanci. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ana neman takardar lafiya daga ƙaramin ma'aikaci kafin ya kama aiki, ana gwada matuƙin jirgin sama akai-akai, to me ya sa za a ɗauke wa mai riƙe da rundunar soja da baitulmali?

Amma akwai abin dubawa. Aljeriya ma tana neman takardar likita daga 'yan takara, kuma hakan bai hana abin da ya faru a 2014 ba. Takarda ba ta fi amincin wanda ya sa mata hannu ba. A ƙasar da ake amfani da kotu wajen cire abokin hamayya, gwajin hankali na iya zama sabon makami. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun kare sirrin mara lafiya, Dokar Hana Nuna Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta ware mutum saboda nakasa. Gwajin ranar tsayawa takara kuma ba ya faɗin abin da zai faru a shekara ta uku ta mulki, kuma duk misalan da aka kawo a sama a kan kujera larurar ta bayyana ko ta tsananta.

Saboda haka gyaran da ya fi ma'ana yana cikin Sashe na 144 da na 189. A samar da wata hanya ta fara batun banda ta waɗanda mai muƙamin ya naɗa. A tanadi matakin gazawa ta wucin gadi, mai wa'adi, wanda za a sabunta ko a janye bayan sake gwaji. A fayyace yadda za a zaɓi likitocin tun kafin rikici ya taso, kuma a taƙaita abin da za su bayyana wa jama'a ga amsa guda, zai iya ko ba zai iya ba, sauran bayanan su zauna tsakaninsa da likitansa.

Ko an yi wannan gyara, akwai tambayar wa zai yi gwajin. A Maris ɗin 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 55,000 ne ke da lasisin aiki a ƙasar, kuma tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun fice cikin shekaru biyar. Ƙwararrun ƙwaƙwalwa ƙaramin yanki ne na wannan adadi, kuma sun taru a asibitocin koyarwa na manyan birane. Ƙasar da Latunde Odeku ya kafa wa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan tun 1962 har yanzu tana horar da gwanaye wasu ƙasashe na ɗauka. Mai mulki yana da jirgin da zai kai shi inda suka koma. Mataimakin darakta ba shi da shi.

Teburin da ke kusa

A nan batun ya sauko daga fada zuwa ofis. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, aka kuma wallafa a 2018, ya duba mutane sama da 2,000 da suka samu shanyewar ɓarin jiki. Matsakaicin shekarunsu 59, wato shekara guda kafin ritayar ma'aikacin tarayya. Kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiyar jini ce ta kama su, kuma hawan jini shi ne kan gaba da tazara mai nisa cikin abubuwan da ke jawo larurar. Waɗannan shekaru su ne na daraktoci da manyan sakatarori, mutanen da suka tara gogewar shekara talatin.

Wani yanki na gwajin likita kowa na iya yin sa cikin minti guda. A ce wa mutum ya yi murmushi, a duba ko baki ya karkace. A ce ya ɗaga hannuwa biyu, a duba ko ɗaya yana zamewa ƙasa. A ce ya maimaita gajeriyar jimla, a saurari ko harshe ya yi nauyi ko kalmomi sun rikice. Alama ɗaya ta wadatar. A duba agogo a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, a nufi asibitin da ke da na'urar CT kai tsaye. Maganin narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin sa'o'i huɗu da rabi, kuma an ƙiyasta cewa a babbar toshewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan biyu ke mutuwa a kowane minti. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci, domin haɗiya kan lalace. Kada a ba shi asfirin kafin hoto, domin idan fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Kada a kai shi gida ya huta, ko a tsaya muhawarar ko jifa ne ko iska. Addu'a ba ta hana mota tafiya. Ko alamar ta gushe bayan minti goma, a je a ranar, domin kwanakin farko bayan irin wannan gargaɗi su ne mafi haɗari. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai larurar gaggawa, kuma ya kamata kowane ma'aikaci ya san tun yau wane asibiti katinsa na inshorar NHIA ke kai shi, da kuma wanda ya fi kusa da ofishinsa mai na'urar hoto.

Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce kaɗai, tare da majalisun jihohi, za ta iya taɓa Sashe na 144, kuma tarihi ya nuna ba a tuna shi sai rikici ya riga ya kankama. Amma sayen na'urar awon jini a ajiye a kowane sashe, da koya wa direbobi, masinjoji da sakatarori alamomin nan uku, umarnin babban sakatare guda ya isa a fara shi a wannan watan.